Rediyon da Ba Ya Son Rana

Rediyon ya sake shaƙewa ana gab da kiran azahar. Zailani tela yana kan kekensa yana haɗa wuyan wata riga, muryar mai karanta labarai daga Kaduna tana ratso katangar da ta raba shagonsa da zauren Kofur Dabo, sai muryar ta soma rawa, ta dushe kamar ta mai mura, ta koma gurnani, ta ɗauke. Kwana biyar ke nan ana haka, in ban da rana ɗaya. Da safe rediyon ya yi ta magana tar, rana na take tsaka ya mutu, sai la'asar sakaliya ya farfaɗo don kansa.

Yau kuwa bayan shirun sai ya ji gwangwani ya faɗi, wasu ƙananan abubuwa suka watse a daɓe. Aka ɗan jima babu motsi. Sannan ya ji an kira sunansa.

Ƙafarsa ta tsaya cik a kan keken. Shekara goma sha uku ke nan suna ƙofa da ƙofa a Tudun Ƙofa, tun dawowar Dabo daga yaƙin Bama, can gaba da Indiya, amma abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce ina kwana da ina gajiya ba. Ba su taɓa sa-in-sa ba. In an yi haihuwa ko rasuwa a unguwa tabarma ɗaya suke zama, matansu kuma, Mairo ta Zailani da Hansai ta Dabo, ta kan katanga suke miƙa wa juna gishiri da garwashi. Sai dai Zailani bai taɓa taka zauren nan ba, kowa kuma a unguwar ya san dalili. Yana da ƙane, Ɗan'azumi, wanda ya koya wa ɗinki da hannunsa. Shekarar da yaƙi ya yi zafi Dabo ya zo hutu cikin kaki, da igiya biyu a hannun riga, ya kwana bakwai yana ba samari labarin bariki. Ran da zai koma, Ɗan'azumi ya bi shi. Dabo ya dawo, Ɗan'azumi bai dawo ba. Takardar da ta zo ta ofishin Di'o layi uku ce, ta ce ya rasu, ba ta faɗi yadda aka yi ba. Da Dabo ya sauka daga mota ya zo gaisuwa, ya buɗe baki zai ba da labari, Zailani ya ce masa ya riƙe abinsa, ba a bukata. Dabo kuwa ya riƙe.

Aka sake kira, a hankali fiye da na farko. Zailani ya zare rigar daga ƙarƙashin allura, ya ninke, ya zura takalmi.

Zauren bai kai girman da yake zato ba. Akwatunan rediyo irin na da, masu kwalabe a ciki, sun hau kan juna har kusa da rufi, waɗansu an kwashe kayan cikinsu sai katako. Duk Keffi babu mai gyaran rediyo sai Dabo, daga ma'aikatan En'e har malaman makaranta da direbobin manyan motoci nan suke kawo nasu. Zailani ya iske shi zaune a kujera, ya jingina da bango, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, yana jan numfashi ta baki. A kan benci ga wani ɗan rediyo da mutum zai iya saƙalawa a hammata, an buɗe bayansa.

"Malam Zailani, ka yi haƙuri na tashe ka daga aiki," in ji Dabo. "In na sunkuya ba zan iya ɗagowa ba. Hansai kuma ta tafi duba mai jego."

Zailani ya durƙusa ya shiga tsince abubuwan. Ba su fi ƙwayar wake tsawo ba, kowanne da 'yar waya ta kai da ta gindi, jikinsa da zobba na fenti kala-kala. Dabo ya ce sunansu resista, aikinsu rage ƙarfin wutar batir, zobban nan kuma su ke faɗin girman kowanne. Ya ce abin da ya sa gwangwanin ya kuɓuce masa, ya kawo ɗaya kusa da ido ne yana neman ya gane ja ne ko ruwan ƙasa. Tun bara idonsa ya daina raba su.

Niyyar Zailani ya ajiye gwangwanin ya fita. Amma Dabo ya riga ya kama zancen rediyon, kuma tashi a tsakiyar maganar mara lafiya ba daɗi. Na Jalo ne, wani Bafulatani da ke ruga a hayin rafin Antau. Ya sayar da bijimi, ya hau mota har Jos ya sayo shi, sabon samfuri wanda ba kwalba a cikinsa, ba ya bukatar ƙaton batir, makiyayi zai iya yawo da shi a jaka. Ya kai ruga, abu ya ƙi magana da rana. Sa'o'insa suka mai da shi abin dariya, tsofaffi suka ce akwai mutanen ɓoye a ciki, matarsa ta hana a kwana da shi a bukka. Nan da kwana tara zai zo ya karɓa, don da ruwan farko za su tashi da shanu su nufi arewa, sai kuma kaka.

Dabo ya ce kwana biyu ya yi yana laluben inda cutar take bai samu ba. A rana ta uku ya naɗe rediyon da jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a gindin randar Hansai, sai ga shi ya wuni yana magana. Nan ya gane zafi ne. Ya nuna wani ɗan abu baƙi a cikin rediyon, mai siraran ƙafafu uku.

"Wannan shi ne tiransisto, shi ya kori kwalabe. Ƙafar tsakiyan nan, dole a riƙa ba ta wuta 'yar kaɗan, a aune, tun kafin murya ta iso. In ta yi kaɗan murya ta yayyanke, in ta yi yawa ya shaƙe. Waɗanda suka ƙera wannan sun jawo mata wutar ne kai tsaye daga batir ta resista guda ɗaya. A ƙasarsu mai sanyi ba laifi. A nan kuwa da ya ji rana sai ya ƙara jan wuta, in ya ja ya ƙara zafi, in ya yi zafi ya ƙara ja."

Ya huta, ya ci gaba. Wani abokinsa na soja da ke aikin gidan waya a Kaduna ya aiko masa da ɗan littafi, a ciki ya ga hanya uku ce. Ta farko ita ce wannan da ta gaza. Ta biyu ya gwada ta jiya: a ɗauko wutar daga ƙafar da murya ke fita, yadda in ya ja da yawa sai ya rage wa kansa da kansa. Ta ɗan yi, amma muryar ta ƙanƙance, rana kuma ta sake cin ƙarfinsa. Ta ukun ce yake sa rai. Resista biyu za su raba wutar batir, ƙafar tsakiya ta sha daga tsakaninsu, a sa na uku a ƙarƙashin ɗaya ƙafar ya riƙe shi kada ya zarce. Sai dai aikin yana son idon da ke raba launi, da hannun da ba ya rawa, don in ƙarfen liƙi ya daɗe a ƙafar tiransisto ya mutu ke nan, kuma babu wani sai Jos.

Zailani ya ce shi tela ne, bai san waya ba.

"Sanin ai yana nan," in ji Dabo, ya taɓa kansa. "Idonka nake roƙo da yatsunka. Mutumin da ke zaɓo zare ɗaya cikin jajaye biyar."

Zailani ya miƙe. Ya yi masa fatan sauƙi ya koma kan kekensa, ya ɗinke wuyan rigar a karkace, sai da ya warware.

Da yamma Mairo tana miƙo masa ruwan alwala ta gaya masa abin da Hansai ta faɗa mata. Wata guda ke nan Dabo bai kwanta a miƙe ba, a zaune yake barci. Malamin asibiti ya ce zuciya ce, ruwa ya taru, a kai shi Jos. Ya ce ba inda za shi, yana da aikin mutane a hannu. Mairo ta ɗauki butarta ta shige.

Washegari da hantsi Zailani ya rufe kekensa da zane, ya ɗauki ƙaramin almakashi ya shiga zauren Dabo. Dabo bai nuna mamaki ba. Ya ce ya fifita garwashin da ke kasko, ya tura ƙarfen liƙi a ciki.

Wunin ranar a kan mataccen rediyo suka yi shi. Dabo ya koya masa yadda ake kankare waya har ta yi haske, yadda ake ɗora ƙarfe a ƙirga ɗaya, biyu, a ɗiga dalma, a ɗauke. Zailani ya ƙone babban yatsa sau biyu. Liƙinsa na farko ya taru guri ɗaya kamar kashin akuya, Dabo ya shafa da ɗan yatsa ya ce a sake. Kafin la'asar ya fara fitowa sumul. Mutane masu wucewa suna leƙowa, su ga tela a zauren Kofur, su gaisa su wuce suna waiwaye. Wani mai kawo ɗinki ya tsaya a ƙofa yana zancen Turawa da aka ce baɗi za su miƙa mulki, bai sami mai taya shi ba, ya kama gabansa.

Rana ta biyu neman resista suka yi. Aka zazzage gwangwani a faifai, Dabo yana faɗin launi, Zailani yana tonowa da bakin almakashi. Mai ruwan ƙasa da baƙi da ja bai yi wuya ba. Mai ruwan ƙasa da baƙi da ruwan goro ma ya samu. Mai zobe uku duk ruwan goro ne ya ƙi, sai da Zailani ya hau kujera ya sauko da akwati huɗu, ya same shi a cikin rediyon wani alƙali da ya rasu tun kafin a zo karɓa. Kowanne sai Dabo ya sa an gwada a mita, wata 'yar na'ura mai allura da ya dawo da ita daga soja. Ba ya ganin allurar, Zailani ke karanta masa, don lambobin boko ya san su a jikin tef ɗin awo.

A kwanakin nan Zailani ya ga abubuwan da katanga ta ɓoye masa. Kunun da Hansai ke kawowa, Dabo cokali uku yake sha ya ture. In tari ya kama shi sai leɓensa ya yi baƙi. Sallah a zaune yake yi, da ishara. Amma da an taɓa zancen waya sai muryarsa ta dawo, ya riƙa zana layi a ƙurar benci da yatsa, yana gardama da littafin kamar mutum ne a gabansa. Ya ba shi labarin ubansa, wanda yana cikin waɗanda aka sa ɗaukar turakun tangaraho a ka, farkon zuwan Turawa, ya mutu bai yarda magana na bin waya ba.

A rana ta uku suka taɓa rediyon Jalo. Dabo ya riƙe ƙafar tiransisto da filaya, hannu bibbiyu, don ƙarfen ya shanye zafin, Zailani yana liƙi, kawunansu har suna gogar juna. Aka gama, aka sa batir, aka murɗa. Ko ƙis.

Dabo ya sa aka ɗora mita, Zailani ya karanta masa. Sai fuskarsa ta sauya. Ya fizge batir ɗin, ya ce an juya resista biyun, na sama ya koma ƙasa, saura kaɗan a kashe tiransiston mutane. Ya ɗaga murya irin ta fareti, ya ce ba sau uku ya faɗa ba, kunne aka ba mutum don me, har tari ya sarƙe shi.

Zailani ya ajiye ƙarfen a kasko a hankali. Shekararsa hamsin da biyu, rabon da a yi masa tsawa tun ubansa na da rai. Maganar ta fita kafin ya auna ta.

"Haka ka riƙa yi wa Ɗan'azumi?"

Dabo ya goge bakinsa da gefen riga.

"Na yi masa sau ɗaya," ya ce. "In za ka zauna, zan gaya maka."

Zailani bai zauna ba, amma bai fita ba.

Dabo ya ce a can shi yana tare da Baturen da ke riƙe da wayar iska, Ɗan'azumi kuma shi ke ɗaukar batir ɗinta a ka, don dajin ba ya biyuwa da mota. Shi ya roƙa aka haɗa su, yana ganin in yana kusa zai fi lura da shi. Wata bakwai suna tare, kwano ɗaya. Wata safiya ya zo ɗora masa kaya, hannunsa ya taɓa wuyansa, ya ji zafi rau. Ɗan'azumi ya ce ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ranar akwai dutse a gabansu, babu wani mai ɗauka, in batir bai hau ba jirgi ba zai san inda zai jefo musu abinci ba. Sai ya daka masa tsawa, ya ce ya tashi. Ya tashi. Ya kai kayan har ƙoli, a can ya faɗi.

"Da na faɗa wa Bature tun da safe, watakila da an sauke masa. Ban faɗa ba. Wannan nawa ne, ba na neman ka ɗauke mini."

Suka sare gora suka yi abin ɗauka, su huɗu suna karɓa-karɓa, kwana biyu. A na uku da hantsi ya cika a bakin wani kogi, kansa a cinyar Dabo, da kalmar shahada a bakinsa.

Zailani ya zauna a kan wani akwati. Akwai tambayar da ta shekara goma sha huɗu tana cinsa. Ita ce mahaifiyarsu ta yi ta yi har ta koma ga Allah, in ta farka da ita take farkawa.

"An yi masa sutura?"

"Ni na wanke shi, da ruwan kogin. Muka yanki farin ƙyallen laimar da jirgi ke jefo abinci da ita, muka yi likkafani. Mu bakwai muka sallace shi, wani mutumin Bauchi ya ja mu." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Mun haƙa za mu fuskantar da shi gabas kamar yadda muka saba, sai wani Ba'indiye Musulmi mai kula da alfadarai ya zo yana ɗaga hannu, ya ce a ƙasar nan alƙibla yamma take. Muka yi ta musu. Sai da na aro taswirar Bature muka duba, ashe gaskiyarsa ce, mun wuce Makka ba mu sani ba. Yamma yake kallo, Malam Zailani. Ta wajen Makka, ta wajen gida."

Zailani ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Bai koma shago ba, bai shiga gida ba. Ya gangara ta Gangaren Tudu har maƙabarta, cikin ranar nan mai ƙuna, ya tsaya a gefen da aka sa mahaifiyarsu, ko da yake ruwan shekaru ya baje kabarin. A hanya ya so ya riƙe fushin tsawar nan da aka yi wa ƙanensa, ya ga fushin ba ya tsayawa. Abin da ya tsaya masa a ƙirji daban ne. Tsohuwar nan ta shekara huɗu tana kukan ko namun daji ne suka cinye mata ɗa, amsar kuwa tana bayan katanga, shi ne ya rufe bakin mai ita. Ya yi mata addu'a, ya yi wa Ɗan'azumi. Daga nan ya faɗa mata, da murya sosai, kamar tana zaune a gabansa tana kaɗi, cewa an wanke shi, an sallace shi, mutum bakwai.

Da gari ya waye ya riga Hansai share ƙofar gida. Ya shiga, ya hura garwashi, suka gaisa. Ba wanda ya ɗauko zancen jiya. Yau hannun Dabo ya kasa matse filaya, sai Zailani ya jiƙa auduga ya naɗa a ƙafar tiransisto, dabarar da ta zo masa daga yadda yake kare yadi in zai yi guga. Dabo ya yi murmushi ya ce wannan ba ta cikin littafi. Aka cire biyun aka mai da kowanne gurbinsa, aka ƙara wata 'yar na'ura da Dabo ya kira kondensa a gefen na ukun don kada murya ta ragu. Zailani ya murɗa. Ganga ta cika zauren, har Hansai ta leƙo daga cikin gida.

Dabo ya ce ba a yi komai ba tukuna, ai da safe dama yana yi. Ya sa aka kifa turmi a tsakiyar fili inda babu inuwa, aka ɗora rediyon a kai. Aka jawo kujerarsa bakin ƙofa. Suka zauna suna jira, su biyu, kamar masu gadin shanya. Kiɗa ya ƙare aka shiga wa'azi, wa'azi ya ƙare aka shiga farashin gyaɗa da auduga. Inuwar katanga ta tattare ta shige gindinta. Ladan ya kira azahar, mai labarai yana ta karatu, muryarsa ko gezau. Zailani ya je masallaci ya dawo ya tarar ana sanarwar zuwan masu allurar shanu.

"Je ka taɓa shi," in ji Dabo. "Da leɓe, yatsanka ya yi kanta."

Zailani ya ɗauko rediyon, jikinsa kamar an ciro daga tanda. Ya buɗe bayan, ya kai ɗan baƙin abin bakinsa. Ya ce ɗumi ne kawai.

Dabo ya lumshe ido ya jingina. Can ya ce a bar shi har la'asar, a kuma sake gobe, rana ɗaya ba shaida ba ce. Aka sake gobe, aka sake jibi. Rediyon bai ƙara shaƙewa ba. Sai dai a jibin ba a iya fito da Dabo ba, daga ɗaki ya saurara, Hansai ta ɗage masa labule.

Ranar Alhamis da hantsi Zailani yana yankan yadi ya ji muryar Hansai ta kan katanga, ba Mairo take kira ba, shi take kira. Ya shiga har ɗaki, karon farko a rayuwarsa. An tokare Dabo da matasai, numfashinsa yana fita da ƙara. Ya gane mai shigowa. Ya yi alama da yatsa, Zailani ya kai kunne.

"Ka gaya wa Jalo, in damina ta yi nisa ba ya kunnawa, ya riƙa cire batir. Yana zubar da ruwa, ya ci waya."

Zailani ya ce zai faɗa. Ya kama hannunsa, ya ce, "Kofur, na yafe. Ni ma ka yafe mini." Dabo ya ɗan matsa yatsunsa. Zailani ya shiga karanta masa kalmar shahada a hankali, leɓen Dabo yana bi. Kafin rana ta take ya cika.

A ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, maza suka taru, aka kawo alawayyon likkafani. Zailani ya yanka ba tare da ya nemi awo ba, ya ɗinka da hannu. Aka kai shi bayan azahar. Jama'a ta yi yawa fiye da yadda unguwa ta zata, har da tsofaffin sojoji biyu daga Sabon Gari waɗanda ba Musulmi ba, suka tsaya daga gefe, hula a hannu.

Jalo ya iso ran Asabar, dogo, da sanda a kafaɗa da ƙwaryar man shanu da ya kawo wa Kofur. Tabarmin da ya gani a ƙofa su suka gaya masa. Ya ajiye sanda, ya tsuguna, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce a shigar wa mai takaba da man. Zailani ya ɗauko masa rediyon, ya gaya masa kwana uku ya wuni a rana bai tsaya ba, ya isar da saƙon batir kamar yadda aka ba shi. Jalo ya juya rediyon a hannu, ya tambaya da Hausarsa mai karyewa ko Kofur ya ji shi yana magana kafin ya tafi. Zailani ya ce ya ji. Jalo ya gyaɗa kai. Bai kunna ba, ya ce ba a gidan makoki ba, sai ya haye rafi. Ya naɗe shi a cikin mayafi ya rataya.

Zailani ya taka masa har bakin hanya. Yana dawowa ya ga hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara ɗaga gefen tabarmi, masu zaman makoki suna naɗewa. Mairo ta fito ta ce Hansai na roƙon a rufe mata zaure kada feshi ya jiƙa kayan mutane.

Ya shiga, ya ja tagar ya sa sakata, ya juye tokar kasko a waje, ya rufe mita da tsumma. Zai fita ke nan ya ji motsi a lungu. A cikin wani tsohon akwatin rediyo da aka kwashe kayansa, wata kaza ce wake-wake ta samu wuri ta kwanta a kan ƙwai, ta karkato kai tana kallonsa da ido ɗaya. Ya tsaya ya dube ta. Ɗigon farko ya fara sauka a kan rufin kwano. Ya ja ƙofar, ya bar mata rata daidai wucewarta, ya tokare da dutse.